Ramuka Tara a Kan Yashi: Ranar Farko ta Wani Ɗan Kasuwar Kuseri a Filin Golf

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne mazaunin Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, babban birnin Chadi, ya ba shekara 50 baya, harkarsa siminti da ƙarafan gini. Zan riƙa ce masa Alhaji, yadda kowa ke kiransa. Likita ne ya fara sa shi a hanya, da ya ga hawan jini da sukari sun haɗe masa, ya ce lallai ya riƙa tafiya a ƙafa. To amma tafiya a titin Kuseri ba ta yiwuwa ga mutum irinsa. Kafin ya kai ƙarshen layi an tsayar da shi gaisuwa, ko wani ya taka burki ya rantse sai ya rage masa hanya. Ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin banki a Njamena wanda ya jima yana buga ƙwallon lambu, wato golf, shi ya ce masa akwai wurin da mutum zai yi tafiyar awa huɗu ba wanda zai tambaye shi ko motarsa ce ta lalace.

Alhaji ya yi 'yan makonni yana zuwa filin atisaye. Ya koyi riƙon sanda da tsayuwa, kuma da ƙarfe mai lamba 7, wata matsakaiciyar sandar bugu, yana iya tura ƙwallo ta wuce mita 100 a miƙe, ba kullum ba, amma sau da yawa. Da ɗan ƙanwar ya ga haka sai ya sa musu ranar Asabar a ƙarshen watan Fabrairu, su zaga ramuka 18. Ina cikin rukunin da ya tashi a bayansu, saboda haka rabin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma daga bakin su ukun na ji: Alhaji, ɗan ƙanwarsa, da kadinsa, wato yaron da ya ɗaukar masa jakar sanduna.

Ƙasar da ake wasa a kanta

Wanda ya san golf ta talabijin kore yake gani ko'ina. A Kamaru ma, wanda ya je filin Yawunde da ke gefen dutsen Febe ciyawa zai taka. Nan Njamena, a bakin kogin Shari, da rani labari ya sha bamban. Ƙasa ce tauri, ga ƙura, ga ƙarangiya, ga aduwa da bagaruwa a gefe. Dandalin da rami yake a tsakiyarsa yashi ne da aka cakuɗa da mai don kada iska ta kwashe shi, kuma kafin mutum ya gangara ƙwallo sai an ja masa wani faffaɗan ƙarfe an share hanya daga inda take zuwa bakin rami. Ramin kansa dai ɗaya ne da na ko'ina a duniya, faɗinsa milimita 108.

A irin waɗannan filaye ɗan wasa yana yawo da guntuwar shimfiɗa ta ciyawar roba. Idan ƙwallonsa ta sauka a kan babbar hanyar da aka shata, sai ya ɗora ta a kan shimfiɗar ya buga. Idan ta kauce ta faɗa gefe, ba shimfiɗa, a inda ta kwanta zai buga ta. Wannan ƙa'ida ita ce tushen wahalar sabon shiga. A filin atisaye duk bugun da Alhaji ya taɓa yi a kan shimfiɗa ya yi shi, ita kuwa tana da yafiya: ko sanda ta riga sauka bayan ƙwallo, takan zame ta same ta. Busasshiyar ƙasa ba ta yafewa. Sanda na dukanta sai ta yi tsalle ta sami ƙwallo a ka, ƙwallo ta yi 'yar gudu a ƙasa ta tsaya. Gwani yana yawan samun shimfiɗa domin ƙwallonsa tana bin hanya. Sabon shiga, wanda ya fi kowa buƙatarta, shi ne ba ya samu.

Ramuka huɗu na farko

An shirya tashi da sanyin safiya, amma Alhaji daga Kuseri ya taso, gadar Ngeli kuwa ta nan manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Duwala suke shiga Chadi. Kafin ya fita daga cunkoso ya iso fili, rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 9. Sa'o'in da suka fi daraja a wannan ƙasa sun riga sun wuce.

A wurin tashi na rami na farko mutane na tsaitsaye, har da mu. Ɗan ƙanwar ya fara, ya ciro babbar sanda mai dogon zango ya aika ƙwallo nesa. Da aka zo kan Alhaji, na ga kadin ya zaro ƙarfe mai lamba 7 ya miƙo, bai ce komai ba. Alhaji ya tsallake hannunsa ya jawo irin sandar da ɗan ƙanwarsa ya yi amfani da ita, wadda ita ce mafi tsawo a jaka, mafi wuyar sarrafawa, kuma bai cika taɓa ta ba a atisaye. Ya kai duka, sanda ta wuce ta sama, ƙwallo na nan zaune. A doka wannan bugu ne, tunda da niyyar bugawa ya sauke sandar. Ɗan ƙanwar ya yi maza ya ce, "Kawu, wannan gwaji ne, bismilla." Na biyu ya samu, amma ƙwallo ta lanƙwasa dama ta shige cikin ƙaya.

Akwai abin da ake yi a nan: mutum ya sanar cewa zai buga ƙwallon wucin gadi, don idan ba a ga ta farko ba kada sai an dawo baya. Ba wanda ya faɗa masa. Suka tafi nema. Tun gyaran dokoki na 2019 da R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, suka yi, lokacin neman ƙwallo minti 3 ne, a da 5 ne. Su sun ninka haka har sun ƙara. Da aka gano ta a gindin wani kurmi, Alhaji ya sa sanda ya yi ta sara har ta fito.

Haka ramuka na biyu da na uku da na huɗu suka tafi, sai dai kowanne da irin nasa. Yana gwada lilo sau huɗu ko biyar kafin kowane bugu, alhali dokar ta ba da shawarar kada mutum ya wuce daƙiƙa 40. A dandali ya taka hanyar da aka share wa ɗan ƙanwarsa, aka sake ja. Ƙwallonsa kuma ba ta isa rami, domin yashi yana riƙe ta, shi kuwa yana shafa ta a hankali yadda ya ga ana yi a kan ciyawa a talabijin. Kowane rami sai ya kai ta ciki ko da bugu goma sha ne, ba ya ɗauka.

Abu ɗaya ne ya tayar mini da hankali ƙwarai. A rami na uku ƙwallonsa ta tashi ta nufi inda wani ma'aikaci yake gyaran yashi a dandalin maƙwabta. A filayen da ake Faransanci ihun gargaɗi shi ne "Bal!", kuma wajibi ne a kan wanda ya buga. Alhaji bai san da shi ba, ya tsaya yana kallo. Kadin ne ya yi ihun, mutumin ya duƙa ya rufe kansa, ta faɗi kusa da shi. Ƙwallon golf ba ta wuce giram 45.93 ba, amma da tauri take kuma da gudu take zuwa, tana iya fasa kai ko ta tsiyayar da ido. Sauran kurakuran ranar duk na jinkiri ne da lissafi. Wannan kuwa na rai ne, kuma bai kamata a bar kowa ya hau wurin tashi ba sai ya san shi.

Zuwa ƙarshen rami na huɗu sun cinye abin da ya kusa awa biyu, lokacin da ya isa mutane su gama ramuka 9. Mu muna tsaye a bayansu, wani rukunin kuma ya taru a bayanmu.

Me ya hana a faɗa masa?

Duk abin da na lissafa, ɗan ƙanwar ya sani, kadin ma ya sani, ya ma fi mu duka sani, domin a filin yake wuni. Da na tambayi ɗan ƙanwar daga baya, ya ce, "Yaya zan ce wa Kawu ya yi sauri a gaban mutane? Shi ya biya mini kuɗin makaranta." Kadin kuwa yaro ne da bai fi sa'ar ɗan Alhaji na uku ba, abincinsa na ranar yana hannun wanda yake ɗaukar wa jaka, kuma bai san halinsa ba tukuna. Iyakar abin da ya ga zai iya shi ne ya miƙa sandar da ta dace ya yi shiru. Shi ma Alhaji ba girman kai ne ya sa ya tsallake hannun yaron ba. Ce mini ya yi bai ma gane shawara ake ba shi ba, ya zaci yaron ya ɗauko wadda hannunsa ya fara kaiwa ne.

Ban ga laifin kunyar da suka ji ba. Tarbiyya ce, kuma ba na fatan ranar da yaro zai daka wa kawunsa tsawa a bainar jama'a saboda wasa. Inda aka yi sakaci shi ne wurin da aka bari gyaran ya faɗo. Maganar da ba ta faɗuwa a fili gaban baƙi, da daddare a zaure tana faɗuwa cikin sauƙi, ana shan shayi: Kawu, ga yadda ake yi gobe, ga abin da za ka ji an yi ihu, ga lokacin da ake ɗaukar ƙwallo. Kuma akwai jimla ɗaya da ɗan ƙanwar zai iya faɗa a gaban su biyun tun kafin a tashi, wadda da ta kwance wa yaron baki: Kawu, wannan yaron aikinsa ne ya faɗa maka, ka tambaye shi komai.

Dokar wasan kanta haka ta tsara. A gasa, doka ta 10.2 ta hana ɗan wasa neman shawarar bugu ko ta zaɓen sanda daga kowa sai kadinsa, ko abokin da suke ɓangare ɗaya, wanda ya saɓa kuma bugu 2 ne tararsa. Wato mutumin da ya fi kowa ƙanƙanta a rukunin shi doka ta ba kujerar mai ba da shawara. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan fili kadi ne ɗan gari.

Gindin aduwa

A rami na biyar ƙwallon Alhaji ta shige ƙarƙashin wata aduwa, ta ɗan ƙanwar kuma ta yi can wancan gefen. Karon farko ke nan da ya rage daga shi sai yaron. Yadda su biyun suka ba ni labari, ga yadda maganar ta kasance.

"Alhaji, in ka ba ni izini zan yi wata magana."

"Faɗi mana, ɗana."

"Wannan ba ta buguwa. Doka ta yarda ka ce ba ta buguwa, a ƙara maka bugu ɗaya, ka auna tsawon sanda biyu ka sake ta daga daidai gwiwarka. In ka tsaya sara, uku za ka ɓata, ƙaya kuma ta yage maka hannu."

Alhaji ya yi yadda aka ce. Da yaron ya ga an karɓa, sai ya ƙara: mutanen baya sun jima suna jira, al'ada ita ce a ɗaga musu hannu su wuce, ba abin kunya ba ne. Sannan ya ce idan an kai bugu 8 ƙwallo ba ta shiga ba, a ɗauka a tafi rami na gaba.

Ta ƙarshen ce Alhaji ya ƙi. Ya ce, "A'a. Ni ban saba tashi in bar lissafi a buɗe ba." A ganinsa ɗaukar ƙwallo kafin ta faɗa rami tamkar mutum ya rufe littafin bashi ne bai tattara jimla ba. Wannan ya nuna mini cewa jinkirin da muka sha a baya ba daga rashin kula da mutane ya zo ba. Mutumin yana ƙoƙarin riƙe amanar wasan ne gwargwadon yadda ya fahimce shi.

Suka ɗaga mana hannu muka wuce. Dattijon rukuninmu, wanda sa'an Alhaji ne, ya tsaya suka gaisa, ya ji abin da ake ja a kai, ya ce, "Alhaji, ai mu ma da maki muke bugawa. Wanda ya wuce iyaka ɗauka yake." Daga bakin sa'a maganar ta shiga nan take.

Lissafin da ya sauya ranar

Tsarin da dattijon yake nufi shi ne na Stableford, wanda wani likita, Frank Stableford, ya ƙirƙiro, aka yi gasa da shi a filin Wallasey na Ingila a 1932. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani ya gama shi da su, 3 ko 4 ko 5, abin da 'yan wasa ke kira par. A maimakon a tara dukan bugun ranar, sai a ba kowane rami makinsa: wanda ya yi daidai da par maki 2, wanda ya ƙara ɗaya maki 1, wanda ya rage ɗaya maki 3, wanda ya ƙara biyu ko fiye ba shi da komai. Ana yin wannan ne bayan an cire rangwamen da handikaf ɗin mutum, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewarsa, ya ba shi. A tsarin handikaf na duniya da ya fara aiki a 2020, mafi girman lamba 54 ce, wato kusan rangwamen bugu 3 a kowane rami cikin 18.

Ga Alhaji ma'anar ita ce, a ramin da par ɗinsa 4 ne, bugu 7 maki 2 ne, bugu 8 maki 1, daga 9 zuwa sama sifili. Saboda haka idan ya yi na takwas ba ta shiga ba, lissafin ramin ya riga ya rufu, komai ya buga bayan nan ba ya sauya abin da za a rubuta a kati. Ɗan kasuwa ne, ba a sake maimaita masa ba. Wani amfanin kuma shi ne mummunan rami ɗaya ba ya bin mutum har ƙarshen wasa, a wurinsa yake mutuwa.

Daga rami na shida yaron ya taƙaita masa sanduna. Doka ta yarda a ɗauki har 14, shi ya bar shi da uku: ƙarfe mai lamba 7, da gajeriyar sanda mai ɗaga ƙwallo sama, da ta gangarawa. Da lamba 7 yake tashi, ƙwallo ba ta zuwa nesa amma tana sauka a hanya, yana samun shimfiɗarsa, yana yin bugun da ya saba. Ƙasa mai tauri ma a nan ta zama mai taimako, domin ƙwallo tana ƙara gudu bayan ta sauka. A wani gajeren rami mai par 3 ya gama da bugu 5, aka rubuta masa maki 3. Ramuka huɗun ƙarshe ba su ci rabin lokacin da huɗun farko suka ci ba.

Da suka gama na tara rana ta kusa tsaka, ruwan da suka ɗauko ya ƙare. Alhaji ya so a ci gaba, tunda 18 aka ce. A wannan karon ɗan ƙanwar ya yi magana, ya ce shi ne ya gaji. Ko ya gaji ko bai gaji ba, daidai ya yi. Ƙarshen Fabrairu hunturu ya fara janyewa, daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin Njamena yana haura digiri 40. Mai shan maganin sukari da na hawan jini, wanda ya yi awa uku yana tafe a rana, ba ya buƙatar ƙarin awa biyu don ya cika alƙawarin da ya yi wa kati. Ya kamata ma a ce akwai dabino ko wani abu mai zaƙi a jakarsa tun farko, kuma likitansa ya san irin tafiyar da yake shirin yi.

Gardamar da ta biyo baya

Ranar an yi magana a rumfar hutawa. Wasu suka ce a hana sababbin shiga fili ranar Asabar da safe, sai sun ci jarrabawa. Suka kawo misalin Faransa, inda hukumar golf ta ƙasar take da takardar shaida da ake kira koren kati, wadda ke nuna mutum ya san dokoki da ladubba da kiyaye lafiyar wasu kafin a sake shi a fili. Korafinsu yana da tushe. Wanda ya bar gidansa da asuba don ya gama kafin rana ta yi zafi, aka tsayar da shi har zafin ya same shi, an shiga haƙƙinsa.

Ni dai ban goyi bayan hani ba. Masu wannan wasa a yankinmu ba su da yawa, kuma kowane sabon ɗan wasa kuɗin gyaran yashi ne, aikin yini ne ga kadi. Mutum kamar Alhaji idan aka tare shi a ƙofa da takardar jarrabawa cikin Faransanci, ba zai yi gardama ba, zai yi murmushi ya shiga motarsa, ba kuma za a sake ganinsa ba. Abin da koren katin yake tabbatarwa shi ake buƙata, ba takardar ba, kuma ana iya samunsa ta hanyar da ta dace da mu: wanda ya kawo baƙo shi ke da alhakin sanar da shi a gida, zagayen farko ya zama ramuka 9 da maki, a ranar da fili ba cunkoso, daga wurin tashi mafi kusa, tare da kadi wanda aka ba izinin magana a gaban shaida. Idan da hali a haɗa shi da sa'ansa a rukuni, domin mun ga abin da kalma ɗaya daga dattijo ta yi.

Zan ƙara da cewa filin atisaye yana yaudarar mai koyarwa kamar yadda yake yaudarar mai koyo. Ɗan ƙanwar ya ga ƙwallo tana tashi a miƙe sai ya yanke hukuncin kawunsa ya isa shiga fili. Amma a atisaye ba a tafiya, ba a neman ƙwallo, ba wanda ke jira a baya, ba ma'aikaci a gaba, kuma in bugu ya ɓaci ga wata ƙwallon a kwando. Duk abin da ya wahalar da Alhaji a ramuka huɗun farko, ban da zaɓen sanda, abu ne da ba ya faruwa a can.

Inda aka kwana

Alhaji bai daina zuwa ba. Yanzu yakan tsallako ranar Juma'a da yamma ya kwana gidan ɗan ƙanwarsa, su yi sallar asuba su kama hanya, su gama ramuka 9 kafin rana ta yi ƙarfi. Kadin nan shi yake nema duk zuwa, kuma na ji da kunnena yana tambayarsa, "Ɗana, wacce za mu ɗauka?" Yana ajiye katunansa, domin tsarin handikaf yana buƙatar sakamakon ramuka 54 kafin a ba mutum lambarsa ta farko, kuma ana iya tara su tara-tara.

Matsalar da ta rage ita ce dandali. Har yanzu gangarawarsa tana tsayawa kafin rami, musamman da sassafe lokacin da yashi ya fi nauyi, kuma a nan yake zubar da mafi yawan makinsa. Yaron ya ce masa ya riƙa auna wani wuri taku ɗaya a bayan ramin, ya buga kamar can zai kai ta, kuma sun fara zuwa da wuri kaɗan don su yi wannan atisayen a dandalin farko kafin sauran 'yan wasa su iso.